Yadda Za Ka Tsallake Babin Balaga Har Ka Yi Ritaya

A duk faɗin ilimin kiwon lafiya babu tambayar da zagaye fili ba ya amsawa. Wannan magana tabbatacciya ce, kuma da ita manyan malaman motsa jiki suke cin abinci.

To, an ɗauke ka koyar da wasanni da kiwon lafiya a sakandare. Barka. Ka buɗe littafin, wanda kai kaɗai ke da shi a makarantar, ka ga wanke hannu, ka ga goge baki, ranka ya yi fari. Sai ka kai babi na takwas: balaga, sauyin murya, al'adar mata, har da zane. Kada gabanka ya faɗi. Bi matakan nan, na yi maka alkawari za ka yi ritaya kalma ɗaya daga babin ba ta fita bakinka ba. Na ga aikinsu a hannun gwani, wani malami da yara ke kira Malam Usur, saboda ko atishawa zai yi sai ya cire usur daga baki tukuna.

Mataki na 1: Ka tare a babin wanke hannu

Babi ne mai albarka. Wannan makon tafin hannu, na gaba bayan hannu, sannan tsakanin yatsu. Farce kaɗai ya isa rabin zango in ka iya jan magana. Famfon makarantar ya daɗe da mutuwa, amma kai ilimi aka ce ka bayar.

Mataki na 2: Ka gane mai ɗaga hannu

Kowane aji yana da guda. A ajin Malam Usur wata siririyar yarinya ce da ake kira Barewa, wadda ke tsere wa har mazan ajin gaba. Makarantar ta dogara da ita a gasar tseren makarantu. Ita ma ta dogara da gasar, don babanta ya ce in ba ta ciyo komai bana ba, ta ajiye takalman gudun nan ta kama karatu kamar 'ya'yan mutane.

"Malam, ina da tambaya a kan babi na takwas."

"Mun kai can ne?"

"A'a, Malam, amma..."

"To ke jirgi ce? Zauna."

Lura da gwaninta: bai ce ba zai amsa ba. Malami na gari ba ya hana ilimi, ɗage shi yake yi.

Mataki na 3: Usur

Wata rana hannun zai ƙi sauka. Barewa ta miƙe, kanta a ƙasa, ta fara: "Malam, wai gaskiya ne in mace tana..."

Fiiit!

"Kowa fili! Zagaye har sai na ce ya isa!"

Yaro mai haki ba ya tambaya. Kai kuma ka ja kujera gindin bishiya, ka kwance bel ɗinka rami ɗaya don tumbi ya sha iska, ka riƙa ihu: "Ɗaga ƙafa! A zamaninmu da yunwa muke wannan!" Babu mai shaidar zamaninku, faɗi abin da ka ga dama.

Mataki na 4: Ka jefa wa malamar bayoloji

Ka same ta a ofishin malamai, ka sassauta murya. Malam Usur ya gwada.

"Malama, wannan babin ai naku ne na mata."

"A manhajata kwaɗo ne da fure, Malam. In ɗalibarka kwaɗo ce, turo ta."

Kada wannan ya karya maka gwiwa. Ka tura yarinyar duk da haka. Malama za ta maido maka ita, kai ka sake turawa. Kai-komon da take yi tsakanin ofisoshinku ma motsa jiki ne.

Mataki na 5: "Ku tambayi iyayenku"

Wannan ya fi komai tsafta, har yaba maka za a yi cewa ka san kunya. Barewa ta tambayi mamanta suna wanke-wanke. Uwar ta saki cokali ta ce, "Wa ke koya miki rashin kunya? Makarantar ke nan?"

Daga nan yarinya sai ta nufi babbar jami'a, wato bayan aji lokacin hutun tara. Can akwai ƙawar da yayarta ta ji daga wata maƙwabciya cewa duk wadda ta yi gudu tana al'ada, mahaifarta ta lalace ke nan, ita da haihuwa har abada. Wannan jami'a ba ta yajin aiki, ba ta jin kunya, ba ta taɓa cewa "ba mu kai can ba." Ka gode mata, aikinka take yi.

Mataki na 6: In shugaban makaranta ya leƙo

Ka rubuta BABI NA TAKWAS a allo da manyan baƙaƙe. Ka ja masa layi a nutse. Layin ya karkace, ka goge, ka aika a nemo rula. Ƙararrawa ba ta taɓa cin amanar malami ba.

Mataki na 7: Ranar da abin ya fashe, ka fi kowa mamaki

Ranar gasa motar makaranta na jira a bakin ƙofa. Barewa na zaune a benci, suwaita ɗaure a ƙugu, takalman gudu cikin leda a kan cinyarta.

"Ke! Tashi, ke ake jira."

"Malam, yau ba zan iya ba."

"Ƙafa ce?"

"A'a."

"Zazzaɓi?"

"A'a, Malam. Abin nan ne da nake ta son in tambaye ka. An ce in na yi gudu a haka..."

Amsar gajera ce: ƙarya ne, tashi ki yi gudunki. Ba ta kai numfashin busa usur ba. Amma gwani gwani ne. Malam Usur ya kalli sama, ya busa, ya kira wata yarinyar ta shiga mota. Suka je suka zo na kusa da ƙarshe.

Da suka dawo ya zauna a ofis yana fifita da jarida. "Yaran zamani ke nan. Ga baiwa, babu zuciya." Kowa ya gyaɗa kai, har malamar bayoloji. Kai ma ka haddace wannan jimlar, za ta yi maka amfani duk shekara.

Gargaɗi

Mai wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya, ko a fili, ko a aji, ko a gida. Mai ƙorafi ya kai wa malamar bayoloji, ita za ta gaya masa inda zai je.

Barewa dai ba ta kai ƙarar kowa ba. Ta ba ƙanwarta takalman, sun ɗan yi mata yawa. Ranar motsa jiki yanzu tana zama gefen fili, tana riƙe wa 'yan ajinsu agogo da gorar ruwa. Ba ta sake ɗaga hannu ba. Malam Usur ya ce yarinyar ta natsu sosai.