Yadda na mayar da surukina mai gadi

Ko zan manta da komai, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka yi wa surukina walimar bankwana a gidanmu na Woodbridge a Amurka ba.

Ni mutum ne mai kunyar suruki irin ta mutanen da. Wata uku Baba ya yi wurinmu, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Shi kuwa abu ɗaya ne bai gane min ba: yadda magidanci mai 'ya'ya biyu zai dawo daga aiki ya duƙufa kan kwamfuta yana haɗa gem, wato wasan kwamfuta. Ya taɓa tambayar matata Hauwa, "Wai har yanzu wasan yaran nan yake yi?" Maganar ta yi min ciwo, na ƙudurta sai na burge shi.

Gem ɗin kan injin ɗaga kwantena ne, irin dogayen nan na tashar jiragen ruwa. Don in samu hotunansu na kai iyali Baltimore yawo a jirgin ruwa (na ce don Baba ya sha iska ne, Allah Ya yafe min). Ina ta ɗaukar hotunan injunan, ashe a wani hoton Baba ya fito a gefe yana sharar barci, baki buɗe, hula ta zamo kan ido.

To, gem ɗin yana buƙatar mai gadi mai gyangyaɗi, wanda zai zabura idan kwantena ta faɗi. Ni ban iya zane ba. Sai na yanko kan Baba daga hoton nan na liƙa wa mai gadin, da niyyar in canza daga baya. Har murya na sa masa, tawa.

Ranar walima, bayan an ci an ƙoshi, abokina Dakta Bashir da ya zo daga Lanham ya ce, "Injiniya, a nuna mana gem ɗin nan mana!" Kaina ya kumbura. Na jona kwamfuta da talabijin, na ɗaga kwantena ina ta bayani, ina satar kallon Baba. Har ya fara gyaɗa kai. Sai hannuna ya goce, kwantena ta faɗi.

Tim! Kan surukina ya cika talabijin, baki buɗe, yana ihu da muryata: "Kai! Wane ɓarawon ne?"

Hauwa ta sulale kicin. Ni kuwa gumi har cikin safa.

Baba ya laluba aljihu, ya sa tabarau. "Sake yi in gani."

"Baba, don Allah a yi haƙuri, kuskure ne..."

"Na ce sake yi."

Na sake jefar da kwantena, mai gadi ya sake zabura. Sai Baba ya ce, "Shekara talatin ina koyarwa a Zariya, sai da na zo Amurka na samu aikin gadi." Dariya ta ɓarke, shi har da share hawaye. Ya karɓi kwamfutar ya jera kwantena biyar ba kuskure, wai ba ya son a tashi dattijo.

Da zai hau jirgi ya riƙe hannuna ya ce, "Aikin naka ba wasa ba ne, ɗana. Amma ka gyara min hular."

Na gyara. Abin da na koya shi ne, duk abin da ka ce za ka canza daga baya, gaban suruki zai fito.