Jiƙaƙƙen Bangon Mama Rahila

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na je duba ɗakin haya a gidan Mama Rahila. Saura sati uku bikina, ɗakin da muka fara kamawa kuma ya kuɓuce mana. Yayata ce ta samo wannan, ciki da falo, kusa da kasuwa inda nake ɗinki. Abu ɗaya na sa a gaba: danshi. Na girma a ɗakin da in damina ta yi nisa katifa ke wari, kayan sawa su yi fumfuna. Na rantse ba zan kai kayan aurena irin wannan wuri ba.

Muna shiga na ɗora tafin hannu a bango. Jiƙe yake, tun daga sama har ƙasa. Ban tambayi komai ba (ni da ma tambaya ɓata lokaci ce a wurina).

"Mama, wannan ai rijiya ce, ba ɗaki ba. Haka kuke cutar mutane?"

Yayata ta taka min ƙafa. Na ci gaba, har maƙwabta suka fara leƙowa.

Mama Rahila, dattijuwa 'yar Rijau, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta kira birkilan da ke aiki a bayan gida. Ya shigo riƙe da bokiti da moɗa.

"Ƙanwata, ni na jiƙa shi da safen nan," in ji shi. "Shekaranjiya na yi filasta. In ba a ba ta ruwa ba tsagewa za ta yi. Wannan kafin bikinki ya bushe. Danshin tsoro shi ne mai tasowa daga ƙasa, ya tsaya iya gwiwa, ya fito da fari-fari kamar kanwa. Duba tsohon bangon falo. Kin ga irinsa?"

Na je na duba. Babu.

"Yayarki ta ce min amarya ce za ta shigo," in ji Mama. "Shi ya sa na sa aka sake filastar."

Na tsaya riƙe da jiƙaƙƙen hannuna, na rasa inda zan goge shi. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ina jiran ta ce mu nemi wani gidan. Sai ta miƙa wa yayata makulli.

"Ke riƙe. Bakinki ya fi sanyi."

Damina biyu ke nan, bangon bai taɓa yin gumi ba. Har yanzu ina taɓa bango duk gidan da na shiga, sai dai na koyi in fara da tambayar yaushe aka yi filasta. Mama kuwa, kullum na je gaishe ta da safe, sai ta ce, "Amarya, ya kwanan rijiya?"