Randunan Lawal da Injin Mai Girma

Jiya da azahar na ƙone leɓena da ruwan sanyi. Kada ku yi dariya, ku tsaya ku ji.

Duk wanda ya san Habbena a watan Afrilu ya san halin da muke ciki. Kwalta na huci, rufin kwano na huci, katangar siminti ta wuni tana shan rana ta kwana tana amayar mana da ita. A layinmu wuri ɗaya ake numfashi, gindin darbejiyar ƙofar Lawal tela. Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifiyarsa Hafsa, kuma tun ranar sadakar bakwai ya girke randuna uku a inuwar, ya naɗe su da jiƙaƙƙen buhu, kullum yana cika su. Ɗan kalando, mai haya da babur, ya tsaya ya sha, mai tallan mangwaro ta sha, kowa ya ce Allah ya kai ladan kabarinta. Abin da ya rage wa Lawal da zai iya yi wa uwarsa ke nan.

Sai labari ya kai kunnen Mai Girma Sarkin Sanyaya Talakawa cewa zafi na kashe mutane. Allah ya saka masa da alheri, domin bai taɓa haɗuwa da zafin ido da ido ba, amma ya yarda akwai shi. Ya turo ma'aikata, suka ce randa ba zamani ba ce, a kwashe. Suka kafa injin ruwan sanyi na ƙarfe, suka sare darbejiyar don tana kare allon da ke ɗauke da hotonsa.

"Ranka ya daɗe, wutar fa?" in ji Lawal. "Kwana huɗu rabonmu da ita."

Babbansu ya ce, "Wuta ba sashenmu ba ce. Mu sanyi aka ba mu."

Jiya aka yi bikin buɗewa, ƙarfe ɗaya na rana. Mai Girma ya tsaya kusa da kututturen darbejiya yana mana nasiha mu yawaita shan ruwa, mu nemi inuwa. Ana cikin haka ya yi luu, ya zube. Na ruga na murɗa famfon injin, na ɗanɗana, kun dai ji yadda leɓena ya ƙare.

Wasila, matar Lawal, ta leƙo ta ce, "Malam, ta bayan ƙyauren nan fa? Kada mutum ya mutu a ƙofarmu."

Ashe Lawal ya ɓoye randa ɗaya. Ya san in ya fito da ruwanta asiri ya tonu, amma ya ɗebo. Aka ja Mai Girma cikin zaure, aka sassauta masa riga, aka jiƙa kai da wuya. Ya farfaɗo, ya shanye moɗa biyu.

"Kun ji sanyi?" ya ce. "Wannan shi ne inji!"

Aka yi tafi. Lawal ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, ka dai ce Allah ya jiƙan Hafsa."

"Wace ce Hafsa? Ba ta cikin kwamiti."

Wallahi na ji tausayin Lawal har cikin raina. Kafin la'asar ma'aikata suka dawo suka ɗauke randar, wai tana ɓata wa inji suna.

Amma kada a ce ba mu da godiya. Wasila ta ce tun da aka kafa injin ba ta ƙara hura gawayi don shayi ba.