Ranar Da Na Ce Ni Nake Dafa Abincina

Ko da zan manta duk abin da na karanta a jami'a, ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya gaban 'yan mata aji guda a Kurfi na ce musu ni nake dafa abincina ba. Ni, wanda har yau in aka bar ni da tukunya sai dai mu kalli juna.

A lokacin ina karatun koyar da Turanci a Dutsin-Ma, sai aka tura ni TP, wato koyon aikin koyarwa, a wata sakandaren 'yan mata da ke Kurfi. Ban sha wahalar masauki ba, domin Gwaggona, ƙanwar mahaifina, a garin take aure. Aka share mini shagon ƙofar gida, na shiga na miƙe ƙafa. Abinci yana zuwa, wanki yana tafiya ya dawo a goge, ruwan wanka ma sai dai in tarar an kai. Mafi yawan wannan hidima kuwa a wuyan Bilki take, autar Gwaggo, wadda ta kasance cikin ajin da aka ba ni. Hatta karin kumallona ita ke ɗaukowa a cikin kular abinci ta ajiye ƙarƙashin teburinta sai an fita tara ta miƙa mini, don a ganina bai dace a ga malami riƙe da kula a titi ba. (Kun fara gane irin mutumin da kuke mu'amala da shi.)

Ga wani abu kuma, Bilki taubashiyata ce, ni ɗan namiji ita 'yar mace. Al'ada ta ba ta damar ta tsokane ni a ko'ina, gaban kowa, in na yi fushi kuma ni za a yi wa dariya. Yarinyar nan ba ta wasa da wannan dama.

Mai duba aikina daga jami'a wata Dakta Rabi ce, mace mai magana a hankali da ba ta ɓata kalma. Zuwanta na farko ta zauna a bayan aji ta kalle ni ina ta zuba Turanci yara suna gyangyaɗi. Da muka fito ta ce, "Malam, kai kaɗai ka halarci darasin nan." Ta ce za ta dawo sau ɗaya, in ta tarar da ajin a mace haka, sai in maimaita TP baɗi, abokaina su gama su bar ni. Gaskiya hankalina ya tashi ƙwarai.

Sai na yanke shawarar in kawo abin da zai tada su daga barci. Na tuno wata waƙar Turanci da muka yi a darasin adabin Amurka. Wata mata ce a cikinta da ta gaji da a riƙa kiranta matar wane, uwar wane. Ta cire sunan mijin daga ƙofa, ta kama ɗaki a saman wani dogon bene, ta sayi faranti ɗaya da kofi ɗaya, ta ce daga yau ita ce ita. Na haddace fassarar waƙar kamar karatun allo, har ina gwadawa gaban madubi.

Ranar da Dakta za ta dawo, na tare Bilki a zaure tun da safe.

"Don Allah yau ki rufa mini asiri. A aji ni malaminki ne, ba abokin wasanki ba."

"To, Malam," in ji ta, har da ɗan rusunawa. Da ina da hankali, wannan ladabin kaɗai ya isa ya tsorata ni.

Dakta ta zo ta zauna a bayan aji, darasi ya fara lafiya. Na karanta waƙar, na fassara, na shiga bayani. Na ce a can Amurka mutum yana fara cewa "ni" kafin ya ce "mu". Na ce aiki a wurinsu ba shi da namiji ba shi da mace, kowa ya ɗauki nauyin kansa. Yaran suka miƙe zaune. Wata mai suna Hassana ta ɗaga hannu.

"Malam, halan mazansu har girki suke yi?"

Na saci kallon Dakta Rabi, na ga ta sunkuya tana rubutu. Nan take kaina ya kumbura. Da na ce "e" na wuce, da yanzu ba ni da labarin ba ku. Amma ina, bakina ya riga ya ɗauki zafi.

"Ai ba sai an je Amurka ba," na ce, ina gyara wuyan rigar da Bilki ta goge. "Ku dube ni nan. Ni nake dafa abincina, ni nake wankina. Ban dogara da wata mace ta yi mini komai ba. Matar da ke cikin waƙar nan, ni na fahimce ta fiye da kowa."

Aji ya yi tsit. Na ɗauka burgewa ce. Sai na ga hannu ya tashi a layi na biyu, a hankali, cikin natsuwa. Na yi kamar ban gani ba, na juya ga allo. Daga bayan aji sai muryar Dakta, "Malam, ga ɗaliba tana da tambaya."

Bilki ta miƙe. Ta sunkuya ƙarƙashin teburinta, ta ɗauko kular nan ja mai hannu, ta ɗora a kan tebur, ta gyara mata zama.

"Malam, ni ba tambaya gare ni ba, shawara nike nema. Tunda yanzu kai ke dahwa abincinka, wanga ɗumamen da Inna ta ba ni in kawo ma, in maida shi gida ko mu cinye?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wasu sun kifa kai a tebur, wasu sun toshe baki da hijabi, Hassana kuwa har da hawaye. Ni kuma ina tsaye da alli a hannu, ina jin ƙamshin man shanu yana tasowa daga kular. (Abin takaici, yunwa nake ji, kuma cikina bai ji kunyar sanar da ni ba.) Na buɗe baki in tsawata mata, na tuna ko gaban alƙali aka je ba ni da gaskiya, taubashiya ce. Sai na ji kaina ina cewa, "Ajiye shi, zan ci."

Wannan ya ƙara tada wata dariyar. Amma daga nan ajin ya ɓalle da magana. Wata ta ce ita kam ta fahimci matar, don a gidansu yayyenta maza ko kofin da suka sha ruwa ba sa ɗaukewa. Wata ta ce ita ba za ta iya zama ita kaɗai da faranti ɗaya ba, in baƙo ya zo a me za a zuba masa? Hassana ta ce a bar matar da sunanta, amma a sama mata maƙwabta. Aka rabu gida biyu ana musu, rabi da Turanci rabi da Hausa, har aka kaɗa ƙararrawa ba wadda ta motsa. Ni dai aikina bai wuce nuna wadda za ta yi magana ba.

A waje Dakta Rabi ta dube ni ta saman tabarau.

"Ka tsallake," ta ce. "Aji ya rayu. Amma ka sani ba kai ka koyar da darasin nan ba." Ta buɗe ƙofar mota, sannan ta ƙara da cewa, "Ka je ka ci ɗumamenka kada ya huce."

Na koma gida da yamma ina murna a ɓoye, ashe labari ya riga ni isa. Bayan magariba na zauna jiran tuwo kamar kullum. Sai ga Bilki da sallama, ta dire mini tukunya, da muciya, da garin dawa a kwano, da 'yan itace.

Daga cikin gida Gwaggo ta ɗaga murya, "A gaida Ba'amurke. In ka gama ka ɗan sammana mu ɗanɗana."

Daren nan da burodi da ruwa na kwana, tukunya tana gefe tana kallona. Sai da na shiga har tsakar gida washegari na durƙusa na ba da haƙuri aka dawo mini da kwanona, bisa sharaɗin ni zan riƙa ɗaukar kulata zuwa makaranta. Haka na ƙarasa TP ina ratsa Kurfi da jaka a kafaɗa, kula a hannu.

Tun daga lokacin, in zan yi wa mutane bayanin 'yancin kai, sai na fara duba ko wadda ta dafa mini abinci tana wurin.