Damen Mai Jaki

"Lahiya lau, sai kewar maigidana da ya tahi Malbaza ya mance yana da mata."

"Wace matar? Ai tun bara na sake ki, takardar ce ba ta iso ba."

"Kai ka rubuta ta? Shi ya sa. Mai kawo ta ya kasa karanta sunan garin."

Haka muke da Kaka Gimbiya, ita ta haihi innata, tana Dogarawa ni kuwa ina Malbaza ina lodin siminti ga manyan motoci, in na samu sarari sai in hau mota in zo in duba ta in duba bajimina da na aje gidanta shekara biyu tana ba shi dusa da harawa. Duk abin da na tara duniya bajimin nan ne. Ranar na iske ta bakin rumbu tana ɓarar wake, ko ruwa ban sha ba na ce mata bajimin na zo ɗauka, jibi kasuwa saida shi za ni yi don na samu gona.

"Bajimin nawa? Wanda ka ba ni sadaki?"

"Sadakinki goro biyu ne, shi ma an yi min tsada."

"To zauna mai gona, kada arziki ya kada kai."

Na zauna na shiga ba ta labari baki bai tsayawa, na ce wajen Tsarnawa take bayan gari, gawo biyu ne tsakiyarta sun jingina da juna, ga wani babban suri can ƙarshe, ga fadama ta gabas ruwa kusa ko da hannu ka tona, in na samu, da rani albasa za ni zuba. Da na ce gawo biyu sai na ga hannunta ya tsaya cikin ƙwarya kaɗan sannan ta ci gaba da ɓara, ni ban kawo komi ba, na zaci ƙwaro ta gani. Ta tambayi mai saidawa na ce wani Inusa ne, gadon ubanshi ce ya rasu shekara biyu, wurin lodi munka haɗu. Na hiddo takarda daga aljihu na miƙa mata.

"Kin juya ta, Kaka. Ƙasa ce sama."

"Kai da ka riƙe ta daidai mi ka karanta?"

Gaskiya nima sunana kawai na gane da na Inusa, sauran wani mai rubutu bakin tasha ya yi mana da faransanci. Amma na ce mata ni ba yaro ba ne, sai da na taka gonar kusurwa huɗu na ƙidaya taki, na je meri, ofishin magajin gari, sunka ce min zancen gona wurin maigari ake farawa da 'yan kofo, wato masu rubuta takardun gonaki, sai dai Inusa ya ce wanga ɓata lokaci ne, akwai wani Alhaji na Konni da ke jira in ban kawo kuɗi ba jibi. Kuma ga shaidu biyu sun sa yatsa, Umar da Faruk.

"Masu hurhura ne?"

"Sa'annin Inusa ne."

"To madalla. Gonar ta girme su duka, su za su faɗi ta wa ce."

"Ke dai baƙin ciki kike, kin ga za ni yi arziki in auro yarinya mai haƙora."

"Auro ta. In ta ga ƙeyar nan taka da rana da kanta za ta maido goron."

Ta tura min kwanon hura da ƙafa. Ina sha tana tambaya a hankali kamar ba komi, wai cikin gonar na ga icen da mutum ya dasa da hannunshi, mangwaro ko lemu ko ko dogon yaro? Na ce babu, gawon nan ne kawai su kuwa Allah ya hiddo su. Rijiya fa? Na ce babu. Ta ce to mutanen da sunka shekara arba'in suna noma bakin fadama, ruwa na nan kusa yadda na ce, mi ya hana su dasa ko ice guda.

"Lalaci."

"Kai kowa ka ɗauka irinka ne. Wanda anka ba aron gona ba ya dasa ice, ba ya gina rijiya. Ya noma ya girbe, kuma duk kaka damen farko ba nashi ba ne, sai ya kai ma mai gona ko da gari ya yi nisa, don kowa ya gani ya san ba tashi ba ce."

Na ce wanga zancen da ne, yanzu takarda ke magana. Don in kauda zancen sai na tuno mata da wani tsoho da muke ce ma Mai Jaki, tun ina ƙarami duk kaka sai ya zo da jakinshi mai yankakken kunne da dame ɗaya bisa, ya sauke ƙohar gida su gaisa ya sha ruwa ya juya, mu yara muna bin shi muna ce mishi bazawarin Kaka.

"Ke da kika iya zancen dame, ina bazawarinki? Ya ga kin tsufa ya daina zuwa ko?"

"Ya hi ka alkawali. Allah ya jiƙan shi."

Ban san ya rasu ba, na ce amin. Sai ta tashi ta je ta ƙara ɗaure igiyar bajimin ta dawo ta ce ba ya hita gidan nan sai na kawo mata amsar abu guda. Gobe in tahi Tsarnawa, kada in nemi Inusa kada in nemi wanda Inusa ya nuna min, in nemo wanda ya hi kowa tsufa cikin masu iyaka da gonar in tambaye shi ina uban Inusa ke kai damen farko. In ya ce rumbunshi yake zubawa, ita da kanta za ta ja min bajimin har kasuwa.

"Ke za ki ja shi? Shi zai ja ki har Galmi."

"Ka tahi dai. Kuma ka gaida mutane kahin ka buɗe wanga baki."

Da sahe na tahi ina jin haushi ina cewa tsohuwa za ta sa Alhajin Konni ya riga ni. Na bi iyaka na tambayi wasu mata masu roron wake sunka nuna min wani tsoho Baba Ishaku, shi ke da gonar gabas, na iske shi ƙarƙashin ice yana tubkar igiya. Na gaishe shi sosai yadda ta ce, munka daɗe cikin gaisuwa har da ta awaki, sannan na yi tambayata. Bai ko ɗaga kai ba ya ce ai wanga kowa mai hurhura ya sani, marigayi Usumanu uban Inusa baƙo ne daga arewa ya zo shekarar babban fari dabbobinshi sun ƙare, anka ara mishi gonar, kuma bai taɓa fashin kai dame ba har ya koma ga Allah, jakinshi ma ya san hanya, wani mai yankakken kunne.

Nan na tuna da Mai Jaki. Na ce ina yake kaiwa.

"Dogarawa. Wurin ɗiyar Malam Barmo, gadonta ce. Gimbiya ake ce mata, wata mai bakin tsiya, in tana da rai. Ka san ta?"

Na ce na ɗan san ta.

Ko da na dawo tana nan inda na bar ta, waken ne kawai ya ƙaru. Na je na tsaya kanta.

"Maigida ya dawo. Ina igiyar in ja bajimi?"

"Kaka, ashe gonarki za ni saya."

"Da bajimin da na ciyar da dusata. Ka ga miji mai dabara."

"Mi ya hana ki faɗa min tun jiya? Kin sa na sha rana har Tsarnawa."

"In faɗa maka ka ce tsohuwa ta ruɗe, kowace gona mai gawo tata ce? Yanzu da kunnenka ka ji, kuma ba daga bakina ba."

"Ya ce kina da bakin tsiya."

"Ishaku? Yana nan bai mutu ba? Shi ya fara nemana, na ce ba ni auren mai ƙahwahu kamar muciya."

Sai da munka gama dariya sannan ta faɗa min sauran. Ta ce gonar rabonta ce daga ubanta, tana aure nan Dogarawa innata na goye, babu mai noma mata can, shi ya sa da Usumanu ya zo da iyali babu abin ci ta ce a ba shi. Da ya rasu dame ya daina zuwa, kaka biyu ke nan, ta ji kunyar aikawa gidan marayu tambayar hatsi, ita ba hatsin ke gabanta ba. Ba ta san har an kai ga saidawa ba sai jiya da na zo ina yi mata kurin gawo biyu. Ta ce da Alhajin Konni ya riga ni da sai dai ta ji an kewaye da waya, ita kuwa ba ta da ko ƙyallen takarda, shaidarta duka Ishaku ne da wasu tsohi biyu, kowanne ƙahwa ɗaya cikin kabari.

Ranar da ya kamata in kai bajimi kasuwa sai ga mu ƙohar maigarin Tsarnawa, ni da ita da innata da kawunaina biyu, ta sha lulluɓi sai ka ce ba ita ke zagina ba. Anka kira Baba Ishaku da sauran tsohin da sakataren kofo da littahinshi, anka kira Inusa. Na zaci za a yi rigima har na gyara tsayuwa, amma da anka tambaye shi sai ya sadda kai ya ce ubanshi ya faɗa mishi, shi dai ya ga an daɗe ne ya zaci zancen ya mutu, kuma wurin haƙar zinari yake son tahiya noma ya ishe shi. Kaka ba ta ce mishi komi mai zahi ba, ta yi ma ubanshi addu'a ta ce hatsin bana da ke tsaye nashi ne ya girbe abinshi. Anka bi iyaka da ƙahwa, masu iyaka huɗu kowa ya tsaya bisa tashi, sakatare ya rubuta, maigari ya buga hatimi. Takardar tawa ta bakin tasha na naɗe ƙosai da ita.

Da munka dawo gida da la'asar ina ba bajimi ruwa sai ta kira ni bayan ɗaki inda take wanke-wanke, ta nuna min wani gwangwanin tumatir da ɗan mangwaro ya tsiro ciki, ganye huɗu.

"Ɗauki. In Inusa ya girbe ka kai shi gabas wajen fadama."

"Ai mai aro ba ya dasa ice."

"Wa ya ce maka aro?"

Na tsaya riƙe da gwangwani. Ta ce ta riga ta yi magana da kawunaina da innata tun cikin mota, sun yarda, sun ce su dai a raba su da ni. Na san in na bari ta ga daɗin da na ji na shiga uku har shekara.

"Ban karɓa ba sai an koma wurin kofo an rubuta kyauta ce, kawu duka su sa yatsa, a kira Ishaku."

"Ji min ɗan banza. Ni za ka bincika?"

"Wa ya sani ko kema aro anka ba ubanki."

Ta ɗauki mara ta jehe ni na kauce. Ta ce to ta ji za a rubuta, amma tunda bazawarinta ya rasu ko dame ɗaya na riƙa kawo mata duk kaka ta san tana da miji.

"Dame kam ko ɗaya ba ki gani. In ɗoro shi bisa jaki gari na kallo, bayan shekara arba'in jikokin kawu su ce aro ne? Sussukakke za ni kawo miki cikin buhun siminti, ta bayan gida."

Ta yi dariya har sai da ta dahe bango tana tari, ta share ido da bakin zane.

"Ka ci, maigida. Amma ka wanke buhun, haƙoran da sunka rage min huɗu ne."