Gashin Bakin Awasthi-ji da Golgappar Lahadi

"Idan ban soya golgappar da ta fi ta Chedi Lal ba, a kira wanzami ya aske mini gashin baki a gaban kowa!"

Awasthi-ji ne ya faɗi haka a bakin keken turawar Chedi mai sayar da golgappa, wato 'yan soyayyun ƙwallayen garin nan da ake cikawa da dankali da ruwan tsamiya, a tsakiyar lungunmu na Kanpur, yana murza gashin bakin nan nasa mai kama da ƙahon ɓauna. Idan ba ki san shi ba, ƙawata, tsohon mai duba tikitin jirgin ƙasa ne. Jirgi ya sallame shi tuntuni, amma har yau in ya dube ki sai ki ji kamar kin shigo duniya babu tikiti.

Abin da ya jawo rantsuwar bai kai a faɗa ba. Kowa ya gama cin golgapparsa, Chedi kan ɗora masa busasshiya guda kyauta, ta share baki. Gogan ya haɗiye tasa, ya sake miƙa kwanon ganye.

"Ɗaya ake yi, Awasthi-ji," in ji Chedi.

"Ni za ka yi wa rowa? A kan me? 'Yar ƙwallon gari mai iska a ciki, da ruwan tsamiyar da kake wanke hannu a ciki tun safe? Ran Lahadi duk lungun nan ku zo gidana, ku ga yadda mai ilimi yake yin ta!"

Nanku wanzami yana tsaye da kwanonsa. Ya dubi gashin bakin irin duban da mahauci yake yi wa akuya. A wajenmu kuwa namiji ba ya rabuwa da gashin baki sai ranar da ya ƙona gawar ubansa.

Lahadi da safe Sarkin Suya ya kori matarsa Saroj daga gaban murhu. Mutumin da bai san inda gishiri yake kwana a gidansa ba.

"Baban Munni, ku bar ni in kwaɓa muku garin mana."

"Koma gefe. Wannan aikin lissafi ne, ba na mata ba."

Ta koma gefe, ta jawo kujera, ta zauna kamar wadda ta sayi tikitin silima.

Ya kwaɓa, ya murza, ya yanka da murfin kwalba, ya watsa a mai. Ya tsaya yana jira su kumbura. Suka kwanta a gindin kasko shame-shame kamar an yi musu rasuwa.

"Ku tashi!" ya daka musu tsawa.

"Wataƙila ba su san ku ne Awasthi-ji ba," in ji Saroj. "Ku nuna musu hular aiki."

Ya ce laifin gari ne. Ya sake kwaɓi, ya zabga kanwa. Waɗannan suka sha mai suka ƙoshi, suka fito baƙi ƙirin, da taurin da za a iya jifan biri da su. Ya ce laifin mai ne. A na uku ya ɗauko tsinken shan lemo, ya soka wa wata mai zafi, ya kumbura kumatu yana hura mata iska. Ita dai ba ta kumbura ba, leɓensa ne ya yi.

"Madalla, an samu guda," in ji Saroj. "A zuba mata dankali?"

(Kar ki tambaye ni inda ta koyi wannan baki. Wanda ya zauna da tukunya dole ya yi baƙi.)

Rana ta karkata. Ruwan tsamiya da na'a-na'a ya haɗu, dankali ya dahu, abin da za a zuba su a ciki ne babu. Ta taga yana jiyo Nanku yana wasa aska a jikin fata, shaf, shaf, har da 'yar waƙa.

Sai dabara ta faɗo wa gogan. Ya lulluɓa da bargo cikin zafin da kare ma ke neman inuwa, ya fice ta ƙofar baya, ya hau keken haya zuwa can wata unguwa inda ba a san gashin bakinsa ba. Ya sayi soyayyun golgappa cike da babbar leda. Kuɗin da aka fara faɗa masa shi ya biya, ko tayi bai yi ba, kuma wannan ya fi komai ƙona mini rai. Ya ɗaure ledar a tumbinsa, ya rufa da bargo, ya taho yana tafiya a hankali kamar mai cikin wata tara.

Ya tarar da ƙofar baya a kulle. Saroj mace ce mai tsoron ɓarayi, musamman ran nan. Dole ya zagayo ta gaba, inda duk lungu ya hallara da kwanonin ganye, har da Chedi, wanda ya rufe kekensa don kada a ba shi labari. A tsakiyarsu, a kan gadon igiya, ga Gwaggo Phulmati, yayar ubansa, wadda ta goya shi yana tsumma. Ta ji ɗanta zai ciyar da gari, ta sa aka ɗauko ta.

Tana hango shi ta miƙo ƙafafu.

Kin san dai babu ɗan halak da zai wuce gwaggonsa bai sunkuya ya taɓa ƙafarta ba. Awasthi-ji ya haɗa tafuka daga nesa.

"Au, Chaturbhuj, yau daga nan ake gaishe ni? An zama manya?" in ji Gwaggo, wadda ita kaɗai ke kiransa da sunan yanka.

Ya matso, ya ɗan rusuna, ya shafi gwiwarta da ɗan yatsa.

"Wannan gwiwa ce, ɗan nema. Ƙafar tana ƙasa, inda ka saba samunta."

Ya dubi jama'a, jama'a suka dube shi. Ya ja numfashi, ya sunkuya. Gwaggo kuwa ta ɗora masa hannu biyu a gadon baya, ta danna da ƙarfin albarka.

Ƙurmus! Ƙaras-ƙaras-ƙaras!

"Wayyo, haƙarƙarinsa!" Gwaggo ta kurma ihu. "Na karya yaron nan! Ku cire masa bargo!"

"Lafiya lau nake, Gwaggo, ku bar shi!"

Wa ya ji? Maza suka rufar masa da taimako, aka fizge bargo, leda ta yage. Garin golgappa ya zubo tuli a kan ƙafafun tsohuwa, ga sunan shagon da ya saya ɓaro-ɓaro a jikin ledar, aka sa wani mai karatu ya karanta wa irinmu da ƙarfi. Chedi ya tsinci ɓarɓashi ya tauna.

"Ta yi daɗi, Awasthi-ji. Ku gaishe mini da mai ilimin."

Nanku ya riga ya haɗa kumfa. Aka zaunar da gogan a kan turmi, aska ta bi hagu ta bi dama, ƙahonin ɓauna suka faɗi a cinya. Saroj ta fito daga ɗaki, ta zagaya shi, ta sunkuya ta ƙura wa fuskarsa ido, don tun aurensu ba ta taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin dajin ba.

"Gwaggo, ku zo ku gani," ta ce. "Ashe ɗan bakin bai fi na ɓera ba. To duk maganar nan ta ina take fitowa?"