Ranar da Na Rina Surukina

Ranar sunan ɗiyata ta fari na ƙudura sai na nuna wa Tasawa cewa zaman wata uku da na yi a wani otal na Yamai bai tafi a banza ba. Gaskiya wanke-wanke nake yi a can, amma kullum ina leƙen mai haɗa abin sha, yana girgiza gwangwaninsa kamar makaɗi.

Matata ta ce, "Malam, a ba mutane zobo kawai."

Na ce, "Zobo kowa ya iya. Yau koktel, haɗin 'yan otal, za a sha."

Na kafa teburi tsakiyar rumfa, daidai gaban surukina Alhaji, wanda ya taso daga Mayahi cikin farar shadda sabuwa fil. Na zuba zobo a tarmos ɗin shayi, na sa citta da ƙanƙara, na cika da lemun kwalba mai gas. Na rufe, na girgiza iya ƙarfina, har da ɗan juyi. Ashe shi mutumin Yamai sai ya gama girgizawa yake zuba mai gas.

Murfi ya tashi kamar harsashi. Surukina ya yi jawur tun daga hula har gwiwa.

Alhaji ya lashi leɓe, ya ce, "Da daɗi kam, ɗan nan. Amma mu a Mayahi a kofi ake ba mu."

Ɗiyar yanzu tana aji uku. Har yau in na ratsa kasuwa sai wani ya ɗaga farin yadi ya ƙwala mini kira: "Marini! A yi mini irin ta Alhaji!"